Ku Tambaya Mu Amsa: Tuƙi Cikin Dusar Ƙanƙara da Share Ƙofar Gida

Assalamu alaikum masu karatu. Tunda hunturu ya kama, wasiƙun da suka zo mana a wannan karon kusan duk a kan sanyi suke. Wasu daga iyayen da 'ya'yansu ke zaune a ƙasashen da dusar ƙanƙara ke zuba, wasu kuma daga direbobinmu na nan gida da kayan waɗannan ƙasashe suka faɗo hannunsu.

TAMBAYA: Malam, ɗana ya sami gurbin karatu a Kanada, watansa uku ke nan a can. Tun yana saurayi yake tuƙa motar kayanmu tsakanin Ringim da Kano, hannunsa ya faɗa sosai. Yanzu ya ce zai sayi ƙaramar mota, ga shi an ce ƙanƙara ta fara zuba. Hankalina bai kwanta ba. Wane gargaɗi zan yi masa? Daga wani dattijo a karkarar Ringim.

AMSA: Baba, Allah ya sa ya gama lafiya ya dawo da abin alheri. Abu na farko, ka ce masa ya ajiye gwanintarsa ta kwaltar Ringim a gefe, ya ɗauki kansa ɗan koyo har hunturu guda ya wuce. Dalili kuwa, duk girman mota a wuri huɗu take taɓa ƙasa, kowanne bai wuce tafin hannu ba. Birki da totur da sitiyari duk ta wannan ɗan wurin suke aiki. Da zarar ƙanƙara ta shiga tsakanin taya da titi, riƙon ya ragu, direba yana murza sitiyari mota tana bin inda ta ga dama. Dokokin hanya na Birtaniya sun ce nisan da mota ke ci kafin ta tsaya yana iya ninkawa har sau goma a kan ƙanƙara. Wato motar da ke tafiyar kilomita 50 a awa, wadda birki zai tsayar cikin mita 14 a busasshen titi, tana iya zamewa fiye da tsawon filin ƙwallo.

Saboda haka kafin komai ya sayi tayoyin hunturu, guda huɗu cif. Kada ya ce zai sa biyu a gaba ya bar na baya, domin gaba zai riƙe, baya ya juya da shi a kwana. Robar tayar da aka saba tana sandarewa idan sanyi ya sauko ƙasa da digiri 7, ita kuwa ta hunturu tana zama da laushinta, ga ƙananan tsagogi a jikin zanenta da ke cizon ƙanƙara. Alamarta hoton dutse mai ƙololuwa uku da tauraron dusar ƙanƙara a tsakiya, a gefen tayar. Idan gwanjo zai saya, zurfin zanen kada ya gaza milimita 4. A lardin Kebek na Kanada ma doka ce, daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris ba a hawa titi sai da su. Ya riƙa auna iska duk bayan mako biyu, saboda sanyi yana rage ta, kuma ya bi adadin da ke rubuce a jikin ƙofar direba.

Shi tuƙin kansa, sirrinsa lallaɓawa. Ya tashi a hankali, idan mai kuloci ce ya tashi da giya ta biyu don kada taya ta yi ta juyi a wuri ɗaya tana goge ƙanƙarar ta ƙara mata santsi. Ya bar tazarar daƙiƙa takwas zuwa goma tsakaninsa da na gaba. Ya gama rage gudu tun kafin ya shiga kwana, kada ya haɗa birki da murza sitiyari lokaci guda. A hawa ya ɗauko ƙarfinsa tun daga ƙasa ya tafi da shi bai ɗaya, ba tsayawa a tsakiya. A gangara ya sa ƙaramar giya, kuma wannan ɗabi'a ta wasu direbobinmu ta sakin mota firi don tsimin mai, ya bar ta a nan gida.

Idan motar tana da birkin ABS, kamar yadda kusan duk motocin can suke da shi, ya taka sosai ya riƙe. Zai ji fedar tana karkarwa a ƙarƙashin ƙafarsa tana gurnani. Kada ya firgita ya ɗaga, aikinta ke nan, tana saki tana kamawa don kada taya ta kulle. Idan kuwa bayan mota ya fara zamewa, ya ɗaga ƙafa daga totur, kada ya taɓa birki, ya juya sitiyari wajen da bayan ya nufa, idonsa a kan inda yake son zuwa. Wanda ya zuba wa turken fitila ido, shi zai je ya runguma. Hanyar koyon wannan ita ce ya sami fili babu kowa, kamar wurin ajiye motoci da sassafe, ya gwada taka birki a gudun kilomita 20 har jikinsa ya san yadda zamewa take.

Abin da ya fi ba mu tsoro ba farar dusar ba ce, ita ana ganinta. Akwai wadda suke kira baƙar ƙanƙara, siririn ruwa ne da ya daskare a kan kwalta, sai ka rantse titi ne ya jiƙe. Ta fi samuwa da asuba, a inuwa, da kan gada, domin gada iska na bin ta sama da ƙasa, ita ke fara daskarewa. Alamarta biyu: titi yana sheƙi amma tayoyin motar gaba ba sa fesa ruwa, sannan ƙarar tayarka ta ɗauke, sitiyari ya yi sakayau. Kuma kada wani ya ruɗe shi da mota mai ja da ƙafa huɗu. Tana taimakawa wajen tashi, amma wajen tsayawa ita da ƙaramar mota duk ɗaya.

Sai ita motar. A nan mun saba ɗura ruwan rijiya a lagireto. A can ruwa zalla yana daskarewa, ya kumbura da kusan kashi 9 cikin ɗari, ya fasa lagireto ko ma bulok ɗin inji. Ruwan lagireto na musamman ake haɗawa da ruwa rabi da rabi, yana jure sanyi har kusan digiri 37 ƙasa da sifili. Ruwan wanke gilashi ma akwai na hunturu. Batir yana rasa kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfinsa tun a digiri sifili, don haka ya sa a gwada shi. Da safe ya kankare duk gilasai da fitilu, ya share rufin mota, kada ya yi ɗan tagar leƙe kawai ya tashi. Ruwan zafi a kan daskararren gilashi yana tsaga shi.

Na ƙarshe, Baba, ka nanata masa wannan sau biyu. Idan ƙanƙara ta tare shi a hanya, ya zauna cikin mota, amma ya fita ya tabbatar bakin salansa bai toshe ba kafin ya kunna inji don ɗumi. Hayaƙin da ke kisa ba shi da wari, irin na janareta ne da ke kashe mutane a ɗaki rufe. Minti goma a kowace awa ya isa, gilashi a ɗan buɗe. A guguwar ƙanƙarar da ta faɗa wa birnin Bafalo na Amurka a Disambar 2022, fiye da mutum 40 suka rasu a yankin, wasunsu a cikin motocinsu aka same su. Tanki kada ya gaza rabi, but kuma kada ya rabu da bargo, ƙaramin shebur, tocila, wayar tayar da batir da ɗan buhun yashi.

TAMBAYA: 'Yata tana aure a jihar Minesota ta Amurka. Ta ce kullum aka yi zubar ƙanƙara mijinta yana fita da asuba da shebur ya share ƙofar gida, ya dawo yana haki. Ya haura shekara hamsin, kuma yana da hawan jini. Me ya hana su bari rana ta fito ta narkar da ita? Daga wata uwa a wani ƙauye kusa da Gumel.

AMSA: Hajiya, damuwarki tana kan hanya, kuma za mu fara da lafiyar surukin naki kafin maganar shebur. Kwasar dusar ƙanƙara aiki ne mai nauyi ga zuciya. Sanyi yana matse jijiyoyin jini, jini ya hau, sannan ga ɗaga kaya da hannu ana riƙe numfashi. Likitocin can duk shekara suna gargaɗi a kan bugun zuciya wajen wannan aiki. A lissafa: hanyar mota ta ƙofar gida mai faɗin mita 3 da tsawon mita 10, idan dusa mai ɗan jiƙa ta taru tsayin santimita 20, nauyinta yana kai kilo 1,200, daidai da buhun siminti 24. Wa zai sa mai hawan jini ya sauke buhun siminti 24 da asuba cikin jaura, ko kumallo bai karya ba? Shawararmu ya nemi izinin likitansa tukun. In da hali ya biya wani matashi ko masu motar ture ƙanƙara, ana yin jinga da su ta hunturu guda. Idan yana cikin aiki ya ji ƙirji ya ɗaure, ko ciwo yana sauka hannun hagu ko muƙamuƙi, ko gumi mai sanyi ya keto, ya ajiye shebur a kira lambar gaggawa ta 911 nan take. Kada a ce bari ya kwanta ya huta.

Batun rana kuwa, ranar can a Janairu haske ce kawai, babu zafi. Ana yin makonni sanyi bai hau sama da sifili ba. Dusar da aka bari, da an taka ta ko mota ta bi ta kai, sai ta danne ta zama dutse, sai da ƙarfe ake sassaƙe ta. Ga doka kuma. A birnin Miniyafolis na jihar Minesota, mai gida na da awa 24 bayan zuba ta tsaya ya share hanyar ƙafa da ta bi ta gaban gidansa, in ya ƙi hukuma ta sa a share ta aiko masa da takardar kuɗi.

Idan ba makawa sai ya yi da kansa, ga yadda ake rage wahala. Kada ya jira ta gama zuba, ya fita duk lokacin da ta kai tsayin yatsa, sau biyu ko uku, ya fi sauƙi a kan a tara. Ya share kafin ya fitar da mota, saboda sawun taya shi ke fara daskarewa. Turawa ake yi, ba ɗagawa ba: ya buɗe layi ɗaya a tsakiya daga gareji zuwa titi, sannan ya riƙa tura ta gefe da gefe. Inda dole sai an ɗaga, rabin shebur, gwiwa a lanƙwashe, baya a miƙe, ya juya da ƙafafunsa gaba ɗaya. Jifa ta kan kafaɗa ita ke karya ƙugu. Ɗan man girki a bakin shebur yana hana jiƙaƙƙiyar dusa mannewa. Ya huta duk bayan minti goma sha biyar, ya sha ruwa, kuma kada ya fita da ya farka daga barci ko bayan ya cika ciki.

Wani abu da ke ɓata wa baƙi rai shi ne motar gwamnati mai share titi. Ka gama aikinka, ta zo ta tule maka ganuwa a bakin ƙofa. Dabarar ita ce idan ka tsaya kana fuskantar titi, ka tara taka dusar a hannun dama, ka kuma share ɗan fili a gefen titi ta hannun hagu, don motar ta juye kayanta a nan kafin ta iso ƙofarka. Ganuwar da ta bari a kwashe ta da wuri, tana da nauyi kuma tana saurin daskarewa.

Gishiri ana barbaɗa shi bayan shara, ba a maimakonta ba. Kofin shayi ɗaya ya isa hanya mai tsawon mita 6, a warwatsa shi kamar ana yafa iri. Gishirin da aka saba yana daina aiki sosai idan sanyi ya wuce digiri 10 ƙasa da sifili, daga nan sai wani iri da ake kira kalsiyam kulorayid, ko a zuba yashi don ƙafa ta sami riƙo. Simintin da bai shekara ba kada a sa masa gishiri, yana ɓarɓashe fuskarsa. Idan suka sayi injin feshin dusa, doka ɗaya ce ba sassauci: in ya toshe a kashe shi, a sa sanda a zaƙulo. Hannu ba ya shiga ko da inji a kashe yake, domin farfelar tana iya zabura da an cire abin da ya tare ta, ta tafi da yatsu. Ki kuma ce wa 'yarki su riƙa duba bututun hayaƙin injin ɗumama gida da ke fita ta bango, kada dusa ta rufe shi.

TAMBAYA: Ni direban haya ne, Dambatta zuwa Kano. Na sayi tayoyin gwanjo huɗu masu zane mai zurfi kamar sababbi, a jikinsu akwai hoton dutse da wani tauraro. Wata biyu kacal sun cinye, kuma motar tana yi mini lilo a kwana. Mai faci ya ce iska ce. Haka ne?

AMSA: Ɗan'uwa, ba iska ba ce. Tayar hunturu aka sayar maka, irin wadda muka ce ɗan dattijon Ringim ya saya a Kanada. Abin da ke ceton rai a can shi ke jawo hatsari a nan. An yi robarta don ta yi laushi cikin sanyi, to ka ɗora ta a kan kwaltar Kano a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ga lodi. Sai ta yi taushi fiye da kima, ta riƙa cinyewa kamar sabulu, ƙananan tsagogin nan suna motsi a kwana, shi ne lilon da kake ji. Birki ma yana ƙara nisa, kuma zafin da ke taruwa a cikinta yana iya fasa ta kana cikin gudu da fasinja.

Zurfin zanen ne ke yaudarar mai saye, tunda a can da ta ɗan ragu ake cire ta, ko mai ita ya sayar da mota. Idan ka koma Ƙofar Ruwa ko wajen duk wani mai taya, ka tsuguna ka karanta gefenta da kanka. Ka ga dutse da tauraro, ko ƙananan ramuka a jere inda ake dasa ƙusoshi, ka ajiye. Haruffan M+S su kaɗai ba laifi ba ne, ana samunsu a tayoyin kowane yanayi. Sannan ka nemi lambobi huɗu da ke ƙarshen rubutun da ya fara da DOT. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara: 2318 na nufin mako na 23 a 2018. Wadda ta haura shekara shida, ko ka ga ƙananan tsagewa a gefenta, ba ta motar haya ba ce ko da kyauta aka ba ka. Waɗanda ke jikin motarka yanzu ka sauke su kafin bazara.

TAMBAYA: Zan sayi mota 'yar Kwatano, an ce daga Kanada ta fito. Jikinta fes, amma bakanike ya ce ƙasanta da tsatsa. Ƙasar da ba ta da laka, ina ta samo tsatsa? Daga wani malamin makaranta a Kazaure.

AMSA: Malam, gishirin titi ne. Duk hunturu ana watsa shi a hanyoyin Kanada da arewacin Amurka, ya narke ya zama ruwan gishiri, taya ta fesa shi a ƙasan mota, ya zauna yana ci. Kada ka biya sai an hau da ita kan rami. Ka sa a haska siraran bututun ƙarfe na man birki da na fetur, da inda shasi ya riƙe ƙafafun mota, da kujerar sufirin, da ƙasan ƙofofi. Jan tsatsa na sama wanda burushin waya ke gogewa ba komai. Amma wanda ke ɓarewa falle-falle, ko sukundireba ta huda, wannan ya ci ƙarfe. Ka yi hattara da sabon baƙin fenti mai kauri a ƙasan tsohuwar mota, sau da yawa rufa-rufa ce. Bututun birki mai tsatsa ba ya ba da sanarwa, rana ɗaya za ka taka ƙafa ta tafi har ƙasa.

TAMBAYA: Mu a yankin Haɗeja namu santsin laka ne da damina, da rani kuma yashi. Wannan dabarar ta masu ƙanƙara za ta yi mana amfani? Daga wani mai a-kori-kura a wajen Auyo.

AMSA: Rabinta za ta yi, ɗan'uwa. Baƙar lakar fadama bayan ruwan Agusta ƙanwar ƙanƙara ce wajen santsi, musamman idan ta cike zanen taya ta mai da ita sumul. Tashi da giya ta biyu, taka totur a hankali, barin birki a cikin kwana, juya sitiyari wajen da baya ya zame, duk ɗaya ne. Idan ka kafe, kada ka yi ta ba ta wuta, rami kake haƙa wa kanka har cikin mota ya zauna a ƙasa. Ka sauke kaya, ka miƙe tayoyin gaba, ka haƙe gaban tayoyin da ke ja da bayansu, ka cusa kara ko reshe ko tabarmar ƙafa ta mota, sannan ka yi ta lilo, ɗan gaba ɗan ribas, kana ƙara nisa kaɗan-kaɗan. Masu turi su tsaya a gefe, domin abin da aka cusa yana iya fitowa da ƙarfi ta baya.

Inda aka rabu shi ne yashi. A ƙanƙara ba a rage iskar taya. A jigawa kuwa ragewar ita ce magani: ka sauko da ita zuwa wajen 18 ko 20 a ma'aunin mai faci, tayar ta baje ta hau kan yashi maimakon ta nutse. Ka tafi da ƙarfi bai ɗaya, ba canjin giya a tsakiyar tulin yashi, ba kwana mai kaifi don kada taya ta fice daga garenta. Da ka hau kwalta, mai faci na farko da ka gani ka tsaya a mayar da iskar, ko da tafiyar da ta rage ba ta wuce kilomita biyar ba.